Kube da Tsagar Ɗamara: Dukanci a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya ɗauki kuben wuƙa na zamanin nan a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, ya juya bayansa, zai tarar da tsaga biyu a jere waɗanda ɗamara ke ratsawa, kuma da wuya ya kawo a ransa cewa wannan ƴar tsaga baƙuwa ce a dukancin ƙasar, alhali kuwa shi kuben, da jar fatar da aka lulluɓe shi da ita, da baƙin zanen da ke bakinsa, duk sun girme ta nesa ba kusa ba.

Asalin al'amarin daga akuya yake. Allah ya hore wa wannan yanki, tun daga Maraɗi har Tasawa, jar akuyar nan wadda fatarta, saboda laushinta da ƙarfinta da yadda take karɓar rini, ta shahara har fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa kuma, da yake daga hannun mutanen Magrib suka riƙa sayenta, suka laƙaba mata sunan Maroko. Kafin ta kai hannun baduku sai ta bi ta majema, inda ake jiƙa ta da ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, sa'an nan a tsoma ta a ruwan bagaruwa, wanda shi ne ruhin jima. Bayan haka a rine ta ja da karan dafi, ko baƙi da kuloko, ko rawaya da gangamau. Malaman fiƙihu ma ba su bar mas'alar ba, domin a mashhurin mazhabar Malikiyya fatar mushe, ko da an jeme ta, ana amfani da ita ne kurum, ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Saboda haka badukun da zai ɗinka gafakar Alƙur'ani ko laya ya wajaba ya san cewa dabbar yankakkiya ce.

Tasawa kuwa zango ce a kan hanyar da ta taso daga Abzin zuwa Katsina da Kano, kuma a cikin ayarin gishiri na Abzinawa ne Bajamushen nan Barth ya iso ta a watan Janairu na 1851. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Tun da Katsina ta faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu a 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka yi hijira arewa suka kafa Maraɗi, hare-hare ba su yanke ba tsakaninsu da masarautun kudu, ga Damagaram daga gabas, ga Buzaye daga arewacin Gulbin Kaba. A irin wannan hali mai kube da mai kwari da mai sirdi ba sa rasa ciniki. Amma abin lura shi ne yadda ake ɗaukar makamin. Bahaushe mai babbar riga ba ya ɗaura takobi a ƙugu, rataya shi yake yi a kafaɗa da hamila, wadda ake zargawa cikin zobba biyu na ƙarfe da aka ɗaure a jikin kuben, malamai kuma kan ce haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rataya nasa. Buzu kuwa wuƙarsa a hannun hagu take, kubenta haɗe da wani kewayayyen awarwaro na fata. Gwanintar badukun wancan lokaci, ashe, tana wajen ɗaure zobe ne da ɗinke awarwaro yadda ba za su tsinke ba a kan sukuwa.

A watan Yuli na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, bayan ta'asar da ta yi a hanya, ta wargaje a wannan ƙasa: aka harbe Kanar Klobb a Dankori, su biyun kuma sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Wannan bai hana mulkin Faransa kafuwa ba, har Tasawa ta zama mazaunin kwamanda. Tare da soja da gardi sai ga kaki, ga faffaɗar ɗamarar fata mai ƙarfe a baki, wadda ake zura wa jakar harsashi da gidan ƙaramar bindiga da kuben banati. Abin da idon talaka ya gani a jikin mai iko kuwa ba ya daɗewa bai so shi ba. Da wando da taguwa suka yawaita, mahauci da maharbi da makiyayi suka fara neman kuben da zai zauna a ɗamara, dukawa suka shiga koyon tsaga.

A ganina nan ne hikimar sana'ar ta fi bayyana, domin tsaga yanka ce da gangan a daidai wurin da nauyi zai rataya, kuma jar fatar akuya, duk da darajarta, ba ta isa wannan aiki ita kaɗai ba, sai an yi mata baya da ƙirgin sa. Gwani yakan zaɓi ɓangaren gadon baya, ya guji na ciki wanda ke miƙewa, ya ɗan yayyafa ruwa har fatar ta yi sanyi ba tare da ta jiƙe sharkaf ba, ya shimfiɗa ta a kan katako, ya aza ɗamarar mai kuben a kai ya yi alama, yana ƙara ɗan sarari saboda kaurinta. Ba ya fara da aska. Sai ya huda ƙananan ramuka biyu kewayayyu, ɗaya a kowane ƙarshe, da ƙarfen da maƙeri ya ƙera masa, sa'an nan ya haɗa su da yanka biyu miƙaƙƙu, kowanne ja ɗaya, yana tasowa daga wannan rami yana tsayawa a wancan. Illar barin hudar nan sananniya ce ga duk matar da ta taɓa tsaga atamfa: da zarar almakashi ya ɗan ci bakin, sauran ja ne kawai. Haka fata take, kusurwa mai kaifi nan take fara yagewa, amma kewayayyen rami yana raba nauyin ko'ina. Wanda ya maimaita yanka sau biyu ko uku, ko askarsa ta dushe, zai bar baki mai gashi-gashi da zai ci ɗamarar. Shi ya sa dutsen wasa ba ya nisa da gwiwar baduku. Daga ƙarshe a goge bakin tsagar da santsin ƙashi ko icce da ɗan mai, wasu kuma su kewaye ta da ɗinkin siririyar tsirkiyar fata.

Sana'ar ta samu sabon fanni a daidai lokacin da kasuwarta ke ƙanƙancewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Sahara ya ja baya, kamfanonin Turawa suka koma sayen fata ɗanya busasshiya suna fita da ita ta teku, har mafi kyawunta ta riƙa wuce majemin gida; a 1927 kuma aka ɗauke mazaunin mulki daga Tasawa aka mayar Maraɗi, ciniki ya bi shi. Takobi ya zama kayan hawan salla da naɗin sarauta, hamilarsa ta zama ado. Abin da ya rage wa dukawan ƙauyukan Mayahi da Tasawa na yau da kullum shi ne takalmi da laya da linzami da kuben wuƙa, kuma ko a nan roba da fatar kanti suna gasa da su, domin suna da araha, ko da yake tsagarsu, wadda inji ya buga, ba ta da ƙirgi a bayanta.