Man haidirolik da famfunan jirgin kamun kifi

Man haidirolik wani nau'in mai ne da ake turawa da matsi ta cikin tiyo domin ya kai ƙarfin inji zuwa wata na'ura. A jirgin kamun kifi shi ne ke juya sitiyari da na'urar naɗe igiya da gargaren jawo taru, irin wanda Mario Puratić ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1950 ya kuma sauƙaƙa wa masunta ɗaga manyan taruna. Famfunan kwashe ruwa kuwa da wutar batir suke aiki a ƙananan jirage. Duka biyun wurare ne da masu jirage kan nemi rage kuɗi, sai dai arahar ba ta da haɗari iri ɗaya a cikinsu.

Zaɓen mai

Abin da ake fara dubawa shi ne kaurin man. Ana rubuta shi a jikin jarka da lamba kamar ISO VG 32, 46 ko 68, wadda ke nuna kaurinsa a zafin digiri 40 na ma'aunin Selshiyos. Idan lambar ta ƙaru, kaurin ya ƙaru. Jiragen da ke aiki a tekuna masu sanyi, kamar na Norwe, sun fi amfani da 32 ko ƙasa da haka, domin mai mai kauri yana wahalar da famfo kafin ya ɗumama. A ruwan ƙasashe masu zafi an fi zuba 46 ko 68, saboda mai tsinkakke yana sulalewa ta cikin famfo, ƙarfi ya ragu, ƙarafa su riƙa cin juna. Sitiyarin hannu na ƙananan jirage yakan buƙaci mai marar kauri sosai, wajen lamba 15.

Abu na biyu shi ne sinadarin hana zaizayar ƙarfe, wanda ake nunawa da haruffan AW ko HLP. Man da ya cika waɗannan sharuɗɗa biyu, ya kuma dace da abin da kamfanin da ya ƙera famfon ya rubuta, yana aiki ko da ba a sa masa hoton jirgi a jarka ba. Sau da yawa man da ake sayar wa masu tarakta da motocin haƙa ƙasa a duro yana da matsayi ɗaya da na shagon kayan jirgi, kuma ya fi shi sauƙin farashi.

Inda araha ke zama asara shi ne zuba man da ba nasa ba. Man birki yana lalata robobin da ke hana yoyo, kuma gauraya mai iri biyu na iya haifar da kumfa ko dauɗa. Ruwa ma babban abokin gaba ne a teku: idan mai ya koma fari kamar madara, ruwa ya shige shi, sai a canza shi tare da matatarsa.

Haɗa wayar famfo

Famfon kwashe ruwa yana zaune ne a can ƙasan jirgi, inda danshi da gishiri ba sa ƙarewa. Shi ya sa ake amfani da wayar jan ƙarfe mai silili da yawa da aka shafe da kuza. Wayar gida mai sili ɗaya tana karyewa saboda girgizar inji, wadda ba a shafe ba kuma tana yin baƙi ta ruɓe daga ciki ba tare da an gani ba. Duk mahaɗar waya ana ɗaga ta sama da inda ruwa ke kaiwa, a rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi.

Kaurin waya ma yana da muhimmanci. Yawancin jirage suna da wutar volt 12 ko 24, kuma siririyar waya mai tsawo tana cinye wani kaso kafin wuta ta isa famfo. Ƙa'idar hukumar ABYC ta Amurka ta taƙaita wannan asara ga kashi 3 cikin ɗari a muhimman layuka, wato kimanin volt 0.36 a tsarin volt 12. Ana lissafin tsawon waya zuwa da dawowa ne, abin da masu gyara da yawa kan manta. Famfon da wuta ba ta ishe shi ba yana ci gaba da ƙara, mai jirgi ya ɗauka lafiya lau, alhali ruwan da yake fitarwa ya ragu ƙwarai. Haka kuma idan aka juya wayoyin biyu: famfo mai farfela zai juya da baya, ya fitar da ruwa kaɗan.

Ana sa fis kusa da batir, daidai girman da kamfanin famfon ya faɗa. Makunnin da ke tashi da kansa idan ruwa ya taru kuwa, ana haɗa shi da batir kai tsaye ta fis ɗinsa, ba ta babban makunnin jirgi ba, domin famfon ya yi aiki ko da an kashe komai an bar jirgi a tasha da dare.