Cututtukan Ƙoda: Alamominsu da Yadda Ake Gano Su

'Yan'uwa, ciwon ƙoda ciwo ne mai tafiya a ɓoye. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa gona da kasuwa bai ji komai ba. Saboda haka muke so mu san alamominsa, mu kuma san gwajin da ke tona shi tun da wuri.

Aikin ƙoda

Ƙoda biyu muke da su, a baya, ƙasa da haƙarƙari, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kusan miliyan 1. Kowace rana suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da mai amfani, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Su ne kuma ke daidaita gishiri da ruwa da hawan jini, suna taimakawa wajen yin jini da ƙarfafa ƙashi.

Cututtukan da aka fi gani

Ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne lalacewar da ta wuce wata 3 tana ci gaba a hankali. Manyan masu kawo shi su ne hawan jini da ciwon sukari. Sikila, ƙanjamau da ciwon hanta su ma suna taɓa ƙoda. Wurin da ya lalace ba ya komawa, amma ana iya rage gudun ciwon.

Tsayawar ƙoda farat ɗaya tana faruwa cikin sa'o'i ko kwanaki: bayan amai da gudawa mai tsanani, zazzaɓin cizon sauro mai ƙarfi, zubar jini wajen haihuwa, jijjiga ga mai ciki, ko saran maciji. Yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, suna iya jawo ta. Idan an kai mutum asibiti da sauri, sau da yawa ƙodar tana farfaɗowa.

Tsakuwar ƙoda tana zuwa da murɗa mai tsanani a kwiɓi, ta gangara zuwa mara, wani lokaci da amai da jini a fitsari. Ƙarancin shan ruwa, musamman a zafin bazara, yana ƙara haɗarinta.

Ƙwayoyin cuta daga mafitsara suna iya hawa su kama ƙoda. Mai wannan yana jin zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon kwiɓi da zafin fitsari. Ta fi kama mata, ga mai ciki kuwa haɗarin ya fi girma.

Toshewar hanyar fitsari tana sa fitsari ya taru ya danne ƙoda. Ga dattawa maza, kumburin ƙullin da ke bakin mafitsara ne ya fi kawo ta. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tafki da rafi, ita ma tana iya toshe hanyar idan ta daɗe ba magani. Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne.

Alamomin da bai kamata mu raina ba

Kumburin fuska da idanu da safe, kumburin ƙafafu, fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya, fitsari ja ko mai launin shayi, raguwar fitsari ko yawan tashi da dare, kasala da ƙarancin jini, rashin son abinci da tashin zuciya, ƙaiƙayin jiki, da haki. Ciwon baya kawai sau da yawa daga ƙashi ko tsoka ne. Kumburin jiki kuma ba sammu ba ne. A je a auna.

Yadda ake ganowa

Ana fara da auna jini: idan yana kaiwa 140/90 ko sama a kai a kai, akwai hawan jini. Sai gwajin fitsari, inda ake neman furotin, jini, sukari da ƙwayoyin cuta. Furotin a fitsari yana cikin alamomin farko. Gwajin jini na kiriyatinin shi ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, da lambar da ake rubutawa eGFR a takardar sakamako. Idan ta zauna ƙasa da 60 sama da wata 3, akwai ciwon ƙoda mai daɗewa. Ƙasa da 15 shi ne mataki na 5, na ƙarshe, inda ake maganar wankin ƙoda ko dashe. Hoton ciki yana nuna girman ƙoda, tsakuwa ko toshewa. Wani lokaci likita kan ɗauki ɗan tsinken naman ƙodar da allura don a duba.

Wa ya kamata ya yi gwaji?

Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai sikila, da wanda aka taɓa ciwon ƙoda a gidansu, su auna aƙalla sau ɗaya a shekara ko da suna jin lafiya. Wankin ƙoda sau 2 ko 3 ne a mako, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, gwajin fitsari kuwa kuɗi kaɗan ne. Mu rage gishiri da magi, kada gishirin yini ya wuce giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu sha ruwa mai tsabta, mu daina sayen magani barkatai, wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko sukari kuma kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi.