Libarbar Colt Python da Asalin Darajarta

Idan muka waiwayi tarihin libarba a Amurka, da wuya mu tsallake Python, mai cin harsashi shida, wadda kamfanin Colt ya fitar a 1955. A ganinmu, darajarta daga hannun maƙera ta samo asali, domin kowace guda sai gwani ya zauna ya goge sassanta, ya daidaita kunamarta, sannan a rina ƙarfen ya yi shuɗi mai sheƙi. Irin wannan aiki kuwa akwai tsada, har ta kai aka daina ƙera ta a 2005. Nan fa farashin tsofaffin ya hau. Da aka dawo da ita a 2020, maharba sun karɓe ta, amma masu tara makaman tarihi tsohuwar suke nema.