Kafin ka sayi sabuwar sifika, duba wayar motarka

Bara sifikar ƙofar direba ta motar mahaifina ta yi shiru. Na sayo sabuwa na kai wa wani rewaya a unguwarmu ta Dala, Maiduguri, ya ɗaura, ba ta ce uffan ba. Ashe waya ce ta tsinke cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Tsohuwar lafiyarta ƙalau, kuɗina ne suka tafi. Ga abin da na koya tun daga ranar.

Launin wayoyi

A rediyon kasuwa irin su Pioneer, Sony da Kenwood, fara ta sifikar gaba ce ta hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, ruwan shanshanbale baya dama. Kowace tana da 'yar uwa mai baƙin zane, ita ce negetif. Ruwan ɗorawa tana ɗauko wuta kai tsaye daga batir, ja daga makulli, baƙa kuma a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta. Amma wayoyin da mota ta zo da su daga kamfani launinsu daban ne, sai an gwada.

Gano matsala

Idan sauti yana ɗaukewa in an buɗe ƙofa ko an faɗa rami, waya ce, fara da robar ƙofar nan.

Idan gefe ɗaya ya mutu, ciro sifikar ka taɓa mata batirin tocila mai volt 1.5 na ɗan daƙiƙa. In ta yi "ƙwas" ta motsa, tana da rai. A mita, mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4.

Idan duka suna aiki amma kiɗan ba nauyi, an juya wayar ɗaya. Batirin nan zai nuna maka: in takardar sifikar ta turo waje, ƙafar da ke kan fositif ɗin batirin ita ce fositif.

Idan kana jin wani kuka da ke ƙaruwa in ka taka totur, yawanci baƙar waya ce ba ta kama ba. A kankare fenti da tsatsa a ɗaure ta da kyau.

Kada ka yarda a haɗa negetif ɗin sifika da jikin mota don a rage waya. Rediyon zamani ƙonewa yake yi.

Ƙarin sauti

Yawancin rediyon mota om 4 yake so a kowace hanya. In ka jona sifika biyu masu om 4 fositif da fositif, negetif da negetif, sun koma om 2, rediyon zai yi zafi yana kashe kansa. Mai son wufa sai ya sa amfilifaya da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, kankare bakinta za ka ga fari. Fiyus kuma kada ya wuce santimita 45 daga batir, kuma kada a maye gurbinsa da guntun waya. Haka motoci ke kamawa da wuta. A cire kan batir na negetif kafin a fara aiki.

Masu tirela

Manyan motocin da ke kwaso shanu daga Maiduguri zuwa Oko-Oba a Agege, irin su DAF da MAN, volt 24 ne, rediyon ƙaramar mota kuwa 12. Wasu kan ja wuta daga batir ɗaya, sai ya riga ɗan uwansa mutuwa. Sayi na'urar da ke rage 24 zuwa 12, ta fi sabon batir araha.

Zafin Maiduguri a watan Afrilu yana wuce digiri 40, salatif narkewa yake ya saki. A Legas da Fatakwal kuwa danshi ne ke sa mahaɗin waya ya yi kore. Motar da ke zirga-zirga tsakanin biyun, a yi mata mahaɗi da dalma a rufe da robar da wuta ke tsukewa, ba murɗawa da hannu ba.

Allah ya tsare hanya.