Tsangayar Likitoci ta Yamai: Daga Kafuwa Zuwa Bashin da Tabelot ke Bin Ta

Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, mutanenta ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba, kuma ba ta da makarantar da ke yaye likita ko ɗaya. Duk ɗan ƙasar da ya yi burin wannan aiki sai ya tafi Dakar, inda Faransawa suka buɗe makarantar likitoci tun 1918, ko kuma ya ƙetara Faransa. Mafi yawan masu duba marasa lafiya a manyan asibitoci baƙi ne, a karkara kuwa ma'aikatan jinya ne ke riƙe da komai.

A 1971 gwamnatin Diori Hamani ta buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, da masanin lissafi Boubakar Ba a matsayin shugabanta na farko. A 1974 aka kafa makarantar kimiyyar lafiya a cikinta. Sai a tuna wace shekara ce wannan: fari ya cinye dabbobi, yunwa ta kori makiyaya zuwa bakin garuruwa, sojoji kuma suka karɓi mulki a watan Afrilu. A irin wannan hali ne ƙasar ta ɗaura niyyar horar da likitocinta da kanta, aikin da ba ya ba da 'ya'ya sai bayan shekara bakwai ko fiye. A ganina wannan na cikin shawarwari mafi hangen nesa da Nijar ta taɓa yankewa.

Makarantar ta zauna a ƙetaren kogin Kwara, gefen Harobanda, asibitin Lamorde ya zama wurin da ɗalibai ke koyon aiki a bakin gadon majinyaci, tare da babban asibitin ƙasa na cikin gari. A 1984 ta zama cikakkiyar tsangaya, a 1992 kuma aka raɗa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa masanin hasken rana da ya taɓa shugabantarta.

Shekarun da suka biyo baya sun yi tsauri. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu ya taƙaita ɗaukar ma'aikata, yajin aiki ya sha cinye shekarar karatu, sannan aka karya darajar sefa a 1994. Duk da haka tsangayar ba ta rufe ba. Sannu a hankali ta fara horar da ƙwararru a gida, har ɗalibanta na dā suka zama malamanta.

Amma jama'a ba ta tsaya jira ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan biyar, ta 1988 miliyan bakwai, ta 2001 miliyan goma sha ɗaya, ta 2012 miliyan goma sha bakwai. Yau an haura miliyan ashirin da biyar. Tsangaya guda ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, shi ya sa bayan kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, aka buɗe tsangayoyin lafiya a Maraɗi da Damagaram. Har yanzu Nijar na nesa ƙwarai da ma'aunin da ake yawan ambata, wato likita ɗaya ga mutum dubu goma.

Wanda yake son ya auna wannan tarihi da gaskiya, to ya auna shi daga Tabelot. Gari ne na Abzinawa a gindin dutsen Bagzan, arewa maso gabas da Agadas, ƙasar lambuna da albasa, inda ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum dubu 39 a faɗin yankinsa, a warwatse cikin kwaruruka. Zazzaɓi, gudawar yara, awon ciki, duk majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ungozoma na iya yi da su a cibiyar lafiya. Amma idan naƙuda ta gardama har sai an yi wa mace aiki, ko manomi ya faɗa rijiyar lambu ya karye, sai Agadas. Hanyar kuwa ta duwatsu ce da yashi. A shimfiɗa katifa a bayan mota, 'yar'uwa na riƙe da kan majinyaciya, wani na ɗaga robar ƙarin ruwa sama da hannu. In da damina ce kuma kori ya kawo ruwa, direba ya kashe mota a jira ya janye. Awannin da ake ɓatawa a nan su ne ke raba rayuwa da mutuwa.

Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar, ta kuma samu jami'arta a 2014, amma yaron Tabelot mai son likitanci sai ya nufi kudu. Kafin nan ma sai ya samu ya gama sakandare nesa da gida, abin da ya fi wuya ga 'ya mace. Waɗanda suka gama likitancin kuma, da yawa suna zaune a Yamai suna jiran gwamnati ta ɗauke su aiki, suna 'yan ayyuka a asibitocin kuɗi, wasu su fita waje. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya yi shekara bakwai yana karatu yana da haƙƙin albashi, gida da kayan aiki. Shirin da aka yi na koya wa likitocin gundumomi tiyatar gaggawa ya nuna akwai mafita in an so, domin ya kusanto da ɗakin aiki ga mutanen da ba su taɓa samunsa kusa ba.

Abin da ya rage shi ne a keɓe gurabe da tallafin karatu ga 'ya'yan yankuna irin Tabelot, masu jin Tamashek, waɗanda tsohuwa za ta gaya wa ciwonta ba tare da tafinta ba, a kuma ɗauke su aiki da zarar sun gama, a tura su gida da abin da zai zaunar da su. Hukumomin jihar Agadas da ma'aikatar lafiya, wannan aiki yana hannunku.