Asalin Kalma: Alcalde

Ɗalibin sakandare a Garwa ko Marwa ta Kamaru, inda ake koyar da Sifaniyanci, ba ya daɗewa yake cin karo da alcalde a darasin mulkin gari. Malam zai ce masa magajin gari ke nan. Bahaushe kuwa kunnensa zai ji wani abu daban: alƙali.

Kunnen bai yi ƙarya ba. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, wato al-ƙādi ta Larabci. Musulmi sun shiga Andalus a 711, mulkinsu na ƙarshe ya faɗi a Giranada a 1492, suka bar wa Sifaniyanci dubban kalmomi, har da azúcar, sukarinmu. Mu kuma ta hannun malamai da littattafan fiƙihu kalmar alƙali ta iso mana.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda harafin lodi na Larabci, wato "d" ɗin al-ƙādi, ya sauya a bakin kowa. Bahaushe ya mai da shi "l", kamar a alwala da larura da lamiri. Mutanen Sifaniya suka mai da shi "ld", shi ya sa ƙauye ma suke ce masa aldea.

A da, alcalde shari'a yake yankewa, daga baya ya koma shugabancin gari, alƙalin kotu ya zama juez. Mace alcaldesa ce.

Don haka ɗalibi, a jarrabawa kada ka fassara alcalde da alƙali, za ka rasa makin.