Charles Willson Peale, mai zanen da ya adana fuskar Yarrow Mamout

Charles Willson Peale (1741–1827) ɗan Amurka ne da ya shahara wajen zana hotunan mutane. A ƙasarsa an fi tunawa da shi saboda hotunan George Washington, shugaban Amurka na farko. Abin da ya haɗa shi da mutanen Afirka ta Yamma kuwa zane ne guda da ya yi a 1819, na wani dattijo Musulmi da aka kai can a matsayin bawa.

An haife shi ranar 15 ga Afrilu, 1741, a Maryland, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa ya rasu ya bar iyali ba wadata, sai aka kai shi koyon ɗinkin sirdi a garin Annapolis yana ɗan shekara 13. Da ya buɗe shagonsa bashi ya yi masa katutu, ya juya ga zane. Da sirdi ya biya malaminsa John Hesselius ladan darussan farko. A 1767 wasu attajirai suka haɗa masa kuɗi ya tafi Landan, ya yi shekara biyu a hannun Benjamin West.

Ya fara zana Washington a 1772, tun kafin yaƙin neman 'yancin kai, wanda shi ma ya shiga a matsayin soja. A 1786 ya buɗe gidan tarihi a Filadelfiya, inda ya jera tsuntsaye da dabbobi busassu, hotunan manyan ƙasa kuma na rataye a samansu. Son sana'ar ya kai shi har ya raɗa wa 'ya'yansa sunayen masu zane na Turai, irin su Raphaelle, Rembrandt, Rubens da Titian. Shi kansa ya mallaki bayi. Ɗaya daga cikinsu, Moses Williams, ya yi suna wajen yanka siffar fuskokin baƙi a takarda a gidan tarihin.

A ƙarshen 1818 Peale ya je birnin Washington don zana shugaba James Monroe. A can ya ji labarin wani tsoho a Georgetown da ake cewa ya kai shekara 140. Peale, mai shekara 77 a lokacin, ya damu ƙwarai da sirrin tsawon rai, kuma wannan ne ya sa ya nemi tsohon, ba tarihin bautarsa ba.

Tsohon shi ne Yarrow Mamout. Masu bincike na ganin Bafulatani ne, sunan kuma Yero Mamadu ne ya lanƙwashe a bakin Turawa. An sauke shi a Annapolis a 1752 yana matashi, ya yi shekara 44 a hannun iyalin Beall kafin a 'yanta shi a 1796. Ya tara kuɗi da aikin ƙarfi da saƙar kwanduna, ya sayi fili da gida a 1800, ya kuma sa jari a banki. Peale ya rubuta a littafinsa cewa tsohon ba ya cin naman alade, ba ya shan giya, kuma ana jin sa a kan titi yana yabon Allah. Shekarunsa na gaskiya ba su wuce 83 ba. Ya rasu a 1823.

A zanen yana sanye da hular saƙa da kwat mai kauri, yana ɗan murmushi, idonsa cikin idon mai kallo. Wanda ya saba ganin dattawa a ƙofar masallaci a Tafo ko wani zango ba zai ga baƙo a wannan fuska ba. Hotunan Musulman Afirka na zamanin bauta a Amurka ƙalilan ne, kuma a nan ba a ajiye shi a bayan wani ubangida ba, shi kaɗai ya cika allon.

Duk da haka sunansa ya ɓace na tsawon lokaci. Da aka yi gwanjon kayan gidan tarihin a 1854, sai aka riƙa ɗaukar hoton a matsayin na Billy Lee, baran Washington. Sai a ƙarni na 20 aka gano gaskiya daga rubuce-rubucen Peale. Tun 2011 zanen yana Gidan Adana Zane-zane na Filadelfiya.